Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalolin Shukar Erika a Lambunan Saudiyya

Da zarar sanyi ya fara shigowa, wuraren sayar da shuke-shuke a Ɗa'if da Abha da Jidda da Riyad sukan cika da wasu ƙananan tsirrai masu siraran ganye da furanni fari ko ja ko ruwan hoda, waɗanda ake jerawa a bakin ƙofa domin jan hankalin mai wucewa. Masu gida sukan saya da yawa, su miƙa wa mai kula da lambu, sannan bayan 'yan makonni a fara tambayar dalilin da ya sa suka bushe. 'Yan'uwanmu Hausawa da ke aikin lambu a gidaje da istiraha, wato gidajen shaƙatawa, da kuma matan da ke ƙawata farfajiyar gidajensu, sun sha kawo waɗannan tambayoyi, kuma mafi yawansu suna komawa ne ga abubuwa uku, wato irin ƙasar da aka dasa shukar a ciki, da irin ruwan da ake ba ta, da zafin da saiwarta ke sha.

Malam, wace irin shuka ce wannan, kuma me ya sa ta fi sauran furanni wuyar sha'ani?

Abin da ake sayarwa da sunan khalanj a wajen Larabawa ya kasu gida biyu. Akwai jinsin Erica, wanda ke da nau'o'i fiye da 800, kuma mafi yawansu asalinsu ƙasar Afirka ta Kudu ne, musamman yankin Kef, yayin da kaɗan suke fitowa a Turai da gaɓar Bahar Rum da duwatsun gabashin Afirka. Akwai kuma Calluna vulgaris, nau'i guda tilo a jinsinsa, wanda shi ne ke lulluɓe tsaunukan Sikotland da launin shunayya a ƙarshen lokacin zafinsu. Dukansu dangi ɗaya ne da wata shukar furen ado mai suna azaliya, kuma yawancinsu halinsu ɗaya ne wajen ƙin ƙasa mai alli. Bambanta su ba wuya: ganyen erika kamar ƙananan allurai yake, na kaluna kuwa ƙanana ne ƙwarai masu hawa kan juna suna rungume da reshe.

Wuyar sha'aninta daga saiwa take. Saiwoyinta sirara ne kamar gashi, ba sa nitsewa can ƙasa, kuma suna dogara ga wata irin funfuna mai amfani da ke zaune a cikinsu tana taimaka musu wajen tsotso abinci daga ƙasa marar ƙarfi. Irin wannan saiwa ba ta jure bushewa ko ta yini ɗaya, ba ta jure kwanciyar ruwa, ba ta jure gishiri, kuma ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe sai a ƙasa mai tsami. A inda ta fito, ruwan sama mai yawa yana wanke ƙasa, dare kuma yana da sanyi. A nan kuwa ruwan sama kaɗan ne, ƙasa cike take da alli da gishiri, saboda haka duk wanda zai rene ta sai ya samar mata da ƙasarta da ruwanta na musamman.

Ni a Jidda nake aiki. Shin za ta rayu a wajenmu har shekara ta zagayo?

Ɗan'uwa, gaskiyar magana ita ce ba za ta rayu a fili ba, kuma gara ka san haka tun kafin ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Matsalar Jidda da Makka da Madina da Jazan ba zafin rana kaɗai ba ce, domin ana iya kare shuka daga rana da ragar inuwa. Babbar matsalar ita ce dare ba ya yin sanyi na tsawon watanni, ƙasar cikin tukunya tana kwana da ɗumi, kuma ɗumi tare da danshi shi ne abin da cutar ruɓewar saiwa ta fi so. A Riyad da Ƙasim hunturu yana mata daɗi, amma idan zafi ya haura digiri 40 tare da busasshiyar iska, ganyenta yana zubar da ruwa fiye da yadda siraran saiwoyin za su iya mayarwa. A irin waɗannan garuruwa a ɗauke ta a matsayin baƙuwar hunturu, a more furenta daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kada kuma a sa rai da abin da ya wuce haka.

Lamarin ya bambanta a kan duwatsu. Ɗa'if tana kan tsayin kusan mita 1,800, Hada da Shafa sun fi ta tsayi, Abha ta haura mita 2,200, yankin Sauda kuma yana kusa da mita 3,000. A can, da Baha da Namas, dare yana da sanyi ko a tsakiyar zafi, hazo yana sauka ya jiƙa ganye, kuma mai haƙuri zai iya riƙe erika shekaru. Wani babban nau'i ma, Erica arborea, wanda ke girma har ya zama ƙaramar bishiya, yana fitowa da kansa a tsaunukan Habasha da Yaman, abin da ke nuna cewa yanayin dogayen duwatsun wannan yanki bai saɓa wa dangin gaba ɗaya ba.

Sabbin ganyen da ke saman rassa sun koma ruwan ɗorawa, wasu har sun yi fari-fari. Mene ne dalili?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma kusan kullum amsarta ɗaya ce: shukar ta kasa samun sinadarin ƙarfe. Ba wai babu shi a cikin ƙasar ba, yana nan, amma alli ya ɗaure shi ta yadda saiwa ba za ta iya tsotsa ba. Kamar yadda ɗan kanwa kaɗan ke kashe tsamin miya, haka allin da ke cikin ƙasa da ruwa yake kashe tsamin da wannan shuka ke rayuwa a kansa. Ana auna wannan da ma'aunin pH, inda 7 take tsaka-tsaki, abin da ya gaza ta tsami ne, abin da ya haura ta kuma ɓangaren alli ne. Kaluna da yawancin nau'o'in erika suna son tsakanin 4.5 da 5.5, alhali ƙasar yawancin lambunan Saudiyya tana sama da 7.5. Lura da inda ɗorawar ta fara: idan daga sabbin ganyen sama ne, ƙarfe ne, idan daga tsofaffin ganyen ƙasa ne, sai a duba yunwar taki ko yawan ruwa.

Kafin a kashe kuɗi a kan magani, a yi wannan ɗan gwaji. A ɗebo busasshiyar ƙasa cikin cokali daga inda aka dasa shukar, a zuba a faranti, a ɗiga mata ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega. Idan aka ga tana kumfa, aka kuma kara kunne aka ji tana tsuwwa kamar an buɗe kwalbar lemo, to akwai alli mai yawa a cikinta. Irin wannan ƙasa ba ta gyaruwa da ɗan abin da za a barbaɗa mata. Mutane sukan sayo farar wuta ta noma su zuba, kuma gaskiya ne tana ƙara tsami, sai dai tana ɗaukar watanni kafin ƙwayoyin halittar ƙasa su narkar da ita, kuma muddin allin bai ƙare ba, duk tsamin da ta samar zai tafi a banza. A ra'ayina ɓata lokaci ne a yi ta kokawa da ƙasar lambu. Abin da ya fi shi ne a tumɓuke shukar a mayar da ita tukunya, ko a gina mata wani kwami mai tudu wanda aka raba shi da ƙasar wurin, a cika shi da bitmos mai tsami, wato ruɓaɓɓen tsiron fadama da ake sayarwa a buhu don shuka, a gauraya shi da birlait, wato fararen ƙwayoyin dutse marasa nauyi, ko tsakuwar da ba ta kumfa da khal. A kula wajen sayen bitmos ɗin, domin yawancin buhunan da aka shirya don furanni an riga an zuba musu alli, sai a duba lambar pH da ke jikin buhu, a nemi wanda ke ƙasa da 5.5.

Don ceto shukar da ta riga ta yi ɗorawa, a nemi hodar ƙarfen da masu kayan noma ke kira hadid mukhallabi. Iri-iri ne, kuma bambancin yana da muhimmanci. Wanda aka rubuta wa EDTA yana daina aiki idan pH ya haura wajen 6.5, saboda haka bai dace da ruwanmu ba. Wanda aka rubuta wa EDDHA, hoda mai launin ja mai duhu wadda ke rina ruwa jawur, shi ne ke aiki ko a ƙasa mai alli. A jiƙa shi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin leda, a zuba a gindin shukar da yamma domin hasken rana yana lalata shi. Sabon tohon da zai fito bayan haka zai fito kore, amma idan ba a sauya ƙasa da ruwa ba, ɗorawar za ta dawo.

To, wane ruwa ya kamata a riƙa ba ta? Mu ruwan tanka muke saye.

Hajiya, ko an samar mata da ƙasa mafi kyau, ruwa marar kyau zai lalata ta cikin 'yan watanni, domin kowane ban ruwa yana ajiye ɗan alli da gishiri a cikin tukunya. Ruwan da motar wayit ke kawowa sau da yawa na rijiya ne, kuma ruwan rijiya a yawancin sassan ƙasar nan yana da nauyi. Ruwan famfo da ake tacewa daga teku ya fi shi sauƙi, amma shi ma bayan an cire masa gishiri akan mayar masa da ɗan alli domin kada ya ci bututu, wani lokaci kuma a gauraya shi da na rijiya. Alamar ruwa mai nauyi a bayyane take a cikin gida: farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi da kan bakin famfo, shi ne dai ke taruwa a jikin saiwa.

Ruwan sama ya fi kowane, kuma mutanen Abha da Baha da Ɗa'if suna iya tara shi a ganga mai murfi idan an yi, su bar na farko ya wanke ƙurar rufi tukuna. Bayansa sai ruwan da ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki, wanda yawancin gidaje ke bari yana zuba a titi. Wannan ruwa daga danshin iska yake taruwa, kusan babu gishiri ko alli a cikinsa, kuma a gari mai danshi na'ura ɗaya tana iya cika bokiti a yini. A guje shi kawai na 'yan kwanaki bayan an wanke na'urar da sinadari. Ruwan na'urar tacewa da ake sakawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ma yana da kyau, amma na ɓangaren sha, ba wanda take zubarwa ba, domin wannan ya fi na famfo gishiri. Ruwan da ya bi ta na'urar da ake zuba wa gishiri don tausasa shi kuwa, a nisanta shi da kowace shuka.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan sai na famfo, ana iya rage masa ƙarfi da garin tsamin lemo da ake sayarwa a shagon kayan miya, a zuba kaɗan-kaɗan a bokiti ana aunawa da takardar gwajin pH har ya sauka zuwa tsakanin 5.5 da 6. Ba zan faɗi adadin cokali ba, domin ruwan kowace unguwa daban yake, kuma wanda ya zuba da ka zai iya ƙona saiwa. A tuna kuma cewa tsamin yana maganin alli ne kawai, ba ya cire gishiri.

Mun sayo ta shar da ita, ba ta yi yaushi ko sau ɗaya ba, amma bayan mako uku na taɓa ta sai ganye da fure suka zube. Yaya aka yi?

Wannan shuka ba ta nuna ƙishirwa kamar yadda tumatir ko rihan ke yi. Ganyenta ƙanana ne masu tauri, ba sa langaɓewa, kuma furenta yana riƙe launinsa ko bayan ya bushe, don haka tana iya mutuwa tun makon farko ta ci gaba da tsayuwa kamar mai rai. Sau da yawa ma tun a wurin sayarwa ta mutu. Kafin a biya kuɗi, a shafa rassan da tafin hannu: mai rai tana da taushi da ɗan sanyi, matacciya kuwa tana ƙaiƙayi tana zubar da ganye. A kankare ɓawon reshe ɗaya da farce kusa da gindi, idan cikinsa kore ne mai danshi tana da rai, idan ruwan ƙasa ne busasshe ta tafi. A ɗaga tukunyar kuma a ji nauyinta.

Abin da ke kashe ta a wannan mataki shi ne halin bitmos ɗin da aka rene ta a ciki. Idan ya bushe ƙayau sai ya ƙanƙance ya janye daga jikin tukunya, ya kuma daina shan ruwa, ta yadda duk abin da aka zuba zai bi ta gefe ya fita ta ƙasa, mai ban ruwa ya ɗauka ta ƙoshi alhali tsakiyar curin a bushe yake. Maganin shi ne a tsoma tukunyar gaba ɗaya cikin bokitin ruwa har kumfar iska ta daina fitowa, a ciro ta a bar ta ta tsane. Haka za a yi mata ranar da aka kawo ta gida, da kuma kafin a dasa ta. Wajen dasawa a ɗan tsattsage gefen curin saiwar da yatsa domin ta samu hanyar shiga sabuwar ƙasa, kada kuma a binne gindinta fiye da yadda yake a tsohuwar tukunya. Cikin ɗaki mai na'urar sanyi ba wurin zamanta ba ne, domin iskar ɗakin busasshiya ce kuma haske bai ishe ta ba.

Ni kuwa kullum ina ba ta ruwa safe da yamma, ƙasar ma ba ta taɓa bushewa ba, amma rassa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan'uwa, naka kishiyar na mai tambayar da ta gabata ne, kuma ya fi shi haɗari. Alamun sun yi kama da ruɓewar saiwa, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Phytophthora ke haddasawa. Tana yawo ne a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, tana shiga siraran saiwoyi tana kashe su, kuma tana ƙaruwa ƙwarai idan ƙasa ta yi ɗumi. Da farko ganye yakan dushe ya koma toka-toka, kan rassa ya sunkuya, sannan wani ɓangare na shukar ya koma ruwan ƙasa yayin da ɗaya ɓangaren yake kore. Mai lambu idan ya ga haka sai ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, cutar kuma ta ƙara samun abin da take so.

Kifa tukunyar a tafin hannunka ka zaro curin ka duba. Lafiyayyar saiwa tana lulluɓe curin kamar farin zare mai laushi, kuma tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wadda ta ruɓe baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, idan ka ja ta da yatsa biyu sai ta saɓule, kuma wani lokaci tana ɗan wari. Idan ruɓar ta kai gindin kara, babu maganin da zai dawo da ita. Magungunan da ake sayarwa suna iya kare waɗanda ba su kamu ba, amma ba sa tayar da saiwar da ta mutu. A jefar da shukar tare da ƙasarta a shara, kada a juye ta a wani kwami, a wanke tukunya da almakashi da ruwan bilic kafin a sake amfani da su.

Rigakafi ya fi sauƙi. Tukunya ta kasance mai ramuka da yawa, kada a bar ruwa ya kwana a farantin da ke ƙarƙashinta, kuma a daina ban ruwa bisa agogo. A tura yatsa cikin ƙasar, idan saman ya fara shan iska amma ƙasan da sanyi, lokacin ban ruwa ya yi. Baƙar tukunyar roba da ke kan siminti ko tayil a rana tana dafa saiwa, don haka a saka ta cikin wata babbar tukunyar ƙasa mai haske, a ɗaga ta daga daɓe, a kuma rufe saman ƙasar da ɓawon itacen sanaubar, wanda ake kira pine da Turanci.

Zan iya zuba mata kashin tumaki kamar yadda nake yi wa wardi?

A'a. Takin dabbobi yana da gishiri da ƙarfi fiye da yadda take ɗauka, kuma yakan ture ƙasa zuwa ɓangaren alli. Toka ta fi shi muni, haka ma ɓawon ƙwai da wasu ke niƙawa suna zuba wa furanni. Wardin Ɗa'if shuka ce mai ci, ita kuwa wannan a ƙasa marar abinci ta saba zama, kuma yawan taki ya fi kashe ta fiye da rashinsa. Nau'o'in Afirka ta Kudu ma suna da rauni na musamman ga takin da ke da fosfarus mai yawa. Idan ana ba ta ruwan na'urar sanyi ko tataccen ruwa, waɗanda ba su da komai a cikinsu, za ta buƙaci ɗan abinci lokacin da take toho. A nemi takin da aka rubuta cewa na azaliya ne ko na shuke-shuke masu son tsami, a ba ta rabin abin da aka ƙayyade, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada kuma a ba ta a tsakiyar zafi.

Wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasa da bakin tukunya, kan ganyen kuma ya ƙone.

Gishiri ne ya taru, daga ruwa ko daga taki. A kankare ɓawon a zubar, a kwarara ruwa mai daɗi a hankali har ya riƙa fita ta ƙasa da yawa, a maimaita haka lokaci-lokaci. Ban ruwa kaɗan-kaɗan wanda ba ya kai wa ga fita ta ramin tukunya shi ne ke tara shi. Wanda ke amfani da curin zaren kwakwa a madadin bitmos ya wanke shi sosai tukuna, domin wani yana zuwa da nasa gishirin.

Tawa ta shekara biyu a Shafa, amma tsakiyarta ta zama itace babu ganye, rassan sun baje gefe. In datse ta har ƙasa?

Baba, kada ka yi haka idan kaluna ce ko ɗaya daga cikin ƙananan erika, domin da wuya tsohon itacensu ya sake toho, kuma reshen da aka yanke a inda babu koren ganye yawanci haka zai zauna. Abin da ya kawo wannan shi ne rashin aski a kan lokaci. Kowace shekara, bayan fure ya gama, a ɗauki almakashi a rage rassan daga ƙasan inda tsohon furen ya tsaya, a bar koren ganye a ƙasan kowane yanka. Wannan ne ke sa ta yi rassa da yawa ta cure. Wadda ta riga ta buɗe tsakiya ba ta komawa yadda take, amma ana iya samun 'ya'ya daga gare ta: a kwantar da wasu rassan gefe a kan ƙasa mai tsami, a binne tsakiyarsu, a danne da dutse, a bar kan a waje, bayan watanni masu yawa za su yi saiwa sai a yanke su daga uwar. Erica arborea ce ta fita daban, domin tana jure sara mai zurfi ta sake fitowa daga kututture.

Ta yi ganye sosai amma babu fure, wata kuma ta cika da ƙulli amma ba su buɗe ba.

Rashin fure yawanci daga ƙarancin haske ne, ko yawan takin da ke ƙara ganye, ko aski a makare wanda ya tafi da ƙullin da ke shirin fitowa. A Turai ana dasa ta a tsakiyar rana, amma ranar duwatsun Asir da Ɗa'if tana da kaifi, don haka wurin da ya fi dacewa shi ne gefen gabas na gini, inda za ta sha hantsi ta samu inuwa daga azahar. Inuwa ta yini gaba ɗaya kuwa ba za ta ba da fure ba. Game da ƙullin da bai buɗe ba, wataƙila babu wata matsala, domin akwai nau'o'in kaluna da masu renon shuka suka zaɓo musamman saboda ƙullinsu ba ya buɗewa, abin da ke sa launin ya daɗe, kuma su ne da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su.

Ganyen ya yi ƙura-ƙura, akwai kuma wata siririyar yana tsakanin rassa.

Jan gizo-gizon shuka ne, ƙwaro ƙarami wanda ido ke gani da ƙyar, kuma zafi da ƙura da busasshiyar iska su ne lokacinsa. A riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe a kaɗa shi, idan ɗigo-ɗigon da suka zubo suka fara tafiya, shi ne. A wanke shukar da feshin ruwa mai ɗan ƙarfi da sassafe, har ƙarƙashin rassa, a maimaita bayan 'yan kwanaki. Idan ya yi yawa a nemi maganin da aka yi dominsa, domin maganin ƙwari na gama-gari sau da yawa ba ya kashe shi, sai ma ya kashe ƙwarin da ke cinye shi. A wuraren da hazo ke daɗewa kuwa, kamar Sauda, abin da aka fi gani shi ne funfuna mai launin toka a cikin rassan da suka cunkushe, kuma maganinta tazara tsakanin tukwane da daina jiƙa ganye da yamma.

Na ga masu launin shuɗi da ruwan lemo a kasuwa. Wane iri ne?

Fenti ne aka fesa musu. Asalin launin furen bai wuce fari da hoda da ja da shunayya ba a nau'o'in da aka saba kawowa, kuma sabon tohon da zai fito kore zai kasance. Fentin yana kuma ɓoye shukar da ta riga ta bushe, don haka a kankare reshe kafin a saya.

Maigidana ya ga irinta a tafiyarsa Turai, ya ce lallai sai na jera masa ita a bakin hanyar shiga gida a Makka. Me zan ce masa?

Ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi tun kafin ya kashe kuɗi, domin idan ka yi shiru suka mutu, kai za a tuhuma da sakaci. Ka bayyana masa cewa za ta yi kyau na watannin sanyi kawai, kuma idan ya yarda ya riƙa sauya ta kowace shekara, sai a jera ta cikin tukwanenta a ba ta ruwan na'urar sanyi. Idan gidan a kan dutse yake, a Ɗa'if ko Abha, a nemi nau'o'in da ke jure ɗan alli, irin su Erica carnea da Erica x darleyensis da Erica erigena da Erica multiflora, wadda ke fitowa a kan duwatsun alli na gaɓar Bahar Rum. A karanta sunan da ke jikin tambarin tukunya, domin Erica gracilis da kaluna, waɗanda aka fi gani a kasuwa, ba sa cikin masu jurewar.

Idan kuwa abin da yake so shi ne kamanninta, wato gajeriyar shuka mai ƙananan ganye da ƙananan furanni a jere, akwai Cuphea hyssopifolia, 'yar asalin Meziko da Guwatamala, wadda ba danginta ba ce amma tana kama da ita, tana son ɗumi, kuma tana fure yawancin shekara idan ta samu ruwa da inuwar yamma. Iklilul jabal, wanda ake kira rosemary da Turanci, yana da siririn ganye, yana jure alli, ga shi kuma ana sa shi a girki. A kan duwatsu kuma akwai Lavandula dentata, wadda ke fitowa da kanta a tsaunukan Ɗa'if da Asir, ba ta neman bitmos ko tataccen ruwa. Ka kai shi mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, ya ga waɗannan da idonsa a watan Agusta, lokacin da zafi ya kai maƙura, ya tambayi mai wurin ko akwai erika ko ɗaya da ta rage masa daga kayan hunturu.